Abinci Mai Gina Jiki a Lokacin da Kuɗin Cefane Ya Yi Kaɗan

Jawabi ga iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwa, gundumar Dakoro, jahar Maraɗi

 

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku wakilan lafiya na garuruwa waɗanda aka fi sani da rele, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Kowace daga cikinku ta ajiye daka, ko ɗiban ruwa, ko renon yaro kafin ta zo nan, wasu kuma sun taso tun daga Kornaka, Birnin Lalle, Ajekoriya da Sabon Mashi. Allah ya saka muku da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maganar da ta tara mu ita ce yadda uwa za ta ciyar da iyalinta abinci mai gina jiki alhali kuɗin cefanen da ke hannunta kaɗan ne. Na san halin da ake ciki. Ruwan sama a ƙasarmu ba shi da yawa, musamman idan aka nufi arewa wajen kwarin Tarka, kuma rumbun gidaje da dama yakan ƙare tun kafin a yi shuka. Saboda haka duk abin da zan ambata abu ne da ake samu a gonakinmu, da dajinmu, da kasuwanninmu, a kan kuɗin da bai fi ƙarfin talaka ba. Abin da nake roƙo ku riƙe shi ne wannan: hatsi yana cika ciki, amma ɗan abin da ake ƙarawa a kan hatsin shi ne yake gina yaro, kuma tanadin wannan ɗan abin tun daga kaka ake fara shi.

Ƙoshi daban, ginin jiki daban

Jikin ɗan Adam yana neman aiki iri uku daga abinci. Akwai abinci mai ba da ƙarfi, kamar hatsi, dawa, masara, rogo da mai. Akwai mai gina jiki, wanda yake yin tsoka da jini da ƙashi, kamar wake, gyaɗa, nono, ƙwai, nama, kifi da fara. Akwai kuma mai kare jiki daga cuta, wato ganyaye da ƴaƴan itace. Yaron da yake shan farar fura da ruwa safe da rana, ya ci tuwo da ɗan romon miya da dare, cikinsa a cike yake, amma kashi ɗaya kawai ya samu daga cikin ukun nan. Shi ya sa za a ga yaro ba ya kukan yunwa, amma ba ya tsawo, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ciwo kaɗan ya kayar da shi.

Binciken abinci mai gina jiki da aka gudanar a faɗin ƙasa a shekarar 2022 ya nuna cewa kashi 47 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jahar Maraɗi tana cikin jahohin da abin ya fi tsanani. Ku lura da wannan: Maraɗi tana cikin jahohin da suka fi noma hatsi da wake a ƙasar nan. Da yawan hatsi kaɗai yake raba yaro da tamowa, da ba mu kasance a wannan matsayi ba.

Manya a cikinku suna tune da shekarar 2005. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi, kuma Dakoro tana cikin wuraren da aka buɗe cibiyar jinya. A wancan lokaci akwai cimaka a kasuwa, kuɗin saye ne babu, kuma waɗanda suka fi faɗuwa su ne ƙananan yara da ba su wuce shekara biyu zuwa uku ba. Dalili kuwa shi ne, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a cikinsu ne jiki da ƙwaƙwalwa suke yin mafi yawan gininsu. Abin da yaro ya rasa a wannan tsakani yana da wuyar mayarwa daga baya.

Ina kuɗin cefane yake tafiya?

Mu ɗauka uwa tana da dala ashirin a hannunta, wato faran 100, bayan hatsin da maigida ya auno. Sau da yawa kuɗin nan yakan ƙare a dunƙulen magi, da sukari, da ganyen shayi, da alawa ko biskit da za a rarrashi yaro da shi. Duka waɗannan suna da daɗi a baki, amma ba su ƙara wa jiki komai na gini. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Alawa da ruwan zaƙi na leda kuma suna toshe wa yaro ciki, idan aka kawo abinci ya ƙi ci.

Wannan dala ashirin ɗin za ta iya tafiya wata hanya: dala biyar ta ƙuli-ƙuli, dala biyar ta daddawa, dala biyar ta mai, dala biyar ta busasshen kifi ko fara. Ganye kuwa a samo shi a gona ko a bayan gida. Kuɗin bai ƙaru ba, amma miyar ta tashi daga ruwan gishiri ta koma abinci. Daddawa, ko ta kalwa ko ta batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa, tana ba miya ɗanɗano kuma tana ɗauke da sinadarin gina jiki, abin da magi ba shi da shi. Wadda ba za ta iya barin magi gaba ɗaya ba, ta rage shi zuwa rabi ta cike da daddawa.

Akwai wata asara da ake yi ba a sani ba, wato sayar da hatsi domin a sayi shinkafa ko taliya. Galibi kilon shinkafar waje ya fi kilon hatsi tsada, ga shi an goge ta har ta rasa mafi yawan amfanin da ke bayanta. Hatsinmu ya fi ta sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake yin jini da shi. Mun kuma ga abin da ya faru a shekarar 2023, lokacin da aka rufe iyakoki, yadda kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. Gidan da tukunyarsa ta dogara ga abin da yake nomawa bai ji jiki kamar gidan da ya dogara ga kayan kanti ba. A ci shinkafa ranar Juma'a ko ranar salla, wannan babu laifi. Haka kuma wajen surfe, kada a matsa wa hatsi har sai ya yi fari fat, domin wani kaso na amfaninsa yana tafiya cikin dusa da ruwan wanki.

Arzikin da ke kusa da mu

Na farko shi ne wake. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, wato ya ninka na hatsi. Bayan haka, abin da hatsi ya gaza da shi na wannan sinadari yana cikin wake, abin da wake ya gaza da shi kuma yana cikin hatsi, saboda haka idan aka haɗa su a ci ɗaya amfaninsu ya fi na kowannensu shi kaɗai. Iyayenmu da suke dafa wake da hatsi ko wake da dawa, suke yin ɗanwake da ƙosai da alala, sun san abin da suke yi. A jiƙa wake tun da dare, a zubar da ruwan da safe. Yin haka yana rage lokacin dahuwa, ya rage itacen da za a ƙona, ya rage kumburin ciki, kuma ba sai an zuba kanwa da yawa ba, domin yawan kanwa yana kashe wasu bitamin da ke cikin abinci.

Na biyu, gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bayan an matse mai, abin da ya rage a tunkuza mafi yawansa mai gina jiki ne, shi ya sa ƙuli-ƙuli yake cikin abubuwa mafi araha da za su tsaya a madadin nama. A daka shi a zuba a miya, a kunu, ko a kwaɗon ganye. Sai dai a kiyayi gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta canza launi, ko take ɗaci, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kashe wannan guba. A tsince ta a zubar. Awara da ake yi da waken suya ita ma abinci ce mai gina jiki ƙwarai, kuma ta fi alawa cancantar kuɗin da ake miƙa wa yaro.

Na uku, abin da yake fitowa daga dabba, ko da kaɗan ne. Zabi suna yin ƙwai da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maganar da ake yi cewa yaron da yake cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba ta da tushe a likitanci. Dafaffen ƙwai guda ɗaya abinci ne babba ga yaron da ya wuce wata shida, kuma ya fi amfani a cikinsa da a kai shi kasuwa a sayo sukari. Nono yana yawaita da damina, mu kuma maƙwabtan makiyaya ne, daga nan har Bermo. Ludayi ɗaya na nono a cikin furar yaro ya raba ta da farar fura. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a ba yaro. Busasshiyar fara fiye da rabinta sinadarin gina jiki ne. A cire ƙafafu da fukafukai, a daka ta ta yi laushi, a zuba a miya ko kunu. Amma kada a ci farar da aka kama a wurin da aka yi feshin magani. Ranar da aka yi yanka, a gidan suna ko da layya, a ware wa ƙaramin yaro da mai ciki ɗan yanki na hanta, domin tana cike da sinadarin ƙarfe da bitamin A.

Na huɗu, ganye. Zogale, kuka, yakuwa, rama, lalo, tafasa, gasaya, jiga da ganyen wake, mafi yawansu ba a sayen su da damina. Suna ba da bitamin A, wanda yake kare ido daga dundumi kuma yake taimakon jiki wajen yaƙi da cuta. Jiki ba ya ɗaukar wannan bitamin sosai sai da maiƙo, saboda haka a sa ɗan mai ko garin ƙuli-ƙuli a cikin ganyen. Kada a dafa shi har ya yi baƙi, kada kuma a yi ta zubar da ruwan dahuwa idan ganyen ba mai ɗaci ba ne. Kabewa, karas da mangwaro su ma suna ba da bitamin A a lokacinsu. Garin ƴaƴan kuka, magarya, tumatir da lemun tsami kuwa suna da bitamin C, wanda yake taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga hatsi da wake. Shayi akasin haka yake yi, yana hana jiki tsotsar ƙarfen, don haka mai ciki da mai shayarwa su raba shan shayi da lokacin cin abinci, ƙaramin yaro kuma kada a ba shi.

Gishirin da za a saya ya zama mai sinadarin iyod, wanda yake hana maƙoƙo kuma yake taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima.

Kunun yaro

Daga haihuwa zuwa wata shida, abincin jariri nonon uwa ne kaɗai, kuma ba a sayen sa da ko dala. A sa shi a nono cikin sa'ar farko, a ba shi dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Ba ya bukatar ruwa ko bauri, ko da a tsakiyar zafin bazara, saboda mafi yawan nonon uwa ruwa ne, ruwan da za a ba shi daga waje kuma shi ne yake kawo zawo. Bayan wata shida a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu a cikin Suratul Baƙara. Idan uwa ta sami wani ciki, nononta bai lalace ba. Yaye na rana ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi gidan kaka, yana cikin abubuwan da suke jefa yara cikin tamowa.

Cikin yaro ɗan wata takwas bai fi ƙaramin kofi ɗaya ba. Idan aka cika shi da tsararon kunu, ruwa aka ba shi. Kunun da ya dace shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokali idan aka karkata shi. Ga yadda za a haɗa garinsa a gida: awo uku na hatsi, awo ɗaya na wake, awo ɗaya na gyaɗa, da kowane irin ma'auni da ke hannu. A soya kowanne daban sama-sama ba tare da mai ba, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, a haɗa a niƙa ko a daka, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. A yi na mako ɗaya zuwa biyu kawai, domin maiƙon gyaɗa yana sa gari ya yi ɗaci idan ya daɗe. Idan an dama, a ƙara ƙaramin cokali na mai ko man shanu, da ɗan garin zogale, ko garin kifi, ko garin ƴaƴan kuka, gwargwadon abin da aka samu a ranar.

Idan yaro yana shan wuyar haɗiye kunu mai kauri, akwai dabara. A jiƙa hatsi kwana ɗaya, a shanya shi a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta kwana biyu zuwa uku har ya yi tsiro, a busar da shi sosai a rana, a daka. Idan an sauke kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali na wannan gari a juya. Nan da nan kunun zai saki ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, a bari ya huce a ba yaro.

Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu zuwa uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku ana ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 23 ya ci sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, a zauna tare da shi har ya gama, domin idan aka haɗa shi kwano da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yara gida takwas, suka ce yaro ya samu aƙalla biyar a rana. Kada adadin ya ba ku tsoro. Nonon uwa ɗaya, hatsi biyu, wake ko gyaɗa uku, ganye huɗu, nonon dabba ko ƙwai ko garin fara biyar. Ga biyar sun cika, kuma ba a je kanti ba.

Tanadi tun daga kaka

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya san hatsi da wake sun fi araha da kaka, sun fi tsada daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da aikin gona ya fi yawa kuma zazzaɓin sauro yake fara yawaita ga yara. Gidan da ya sayar da wakensa duka a watan Oktoba, shi ne zai koma ya sayi wannan waken da tsada a watan Yuli, ko ya haƙura da shi gaba ɗaya. Saboda haka kafin a kai wake kasuwa, a fara ware rabon gida. Uwar da take da gamana ta ware ko da tiya goma ta wake da ƴan tiyoyin gyaɗa, ta ce wannan na kunun yara ne, ba a taɓa shi domin biki ko anko.

Na san abin da yake sa a gaggauta sayar da wake shi ne tsoron ƙwari. Maganin wannan ya samu. Buhun PICS mai ninki uku, wanda aka fara yaɗawa a shekarar 2007 ta hanyar aikin Jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincike na ƙasashenmu, har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, yana hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Wadda ba ta da shi ta yi amfani da jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba. Ta busar da waken sosai, ta cika jarkar har baki, ta toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba.

Ganye ma ana tanadinsa. Lokacin da ya yi yawa da damina, a tsinke, a wanke, a shanya a inuwa inda iska take kaɗawa, domin rana tana ƙone bitamin A. Idan ya bushe a zuba a buhu ko tukunya mai murfi. Haka kuɓewa, tumatir da kabewa. Zogale kuma yana rayuwa a cikin gida da ruwan alwala da na wanke hatsi, idan aka kare shi daga awaki. Mutanen Jiratawa da Tibiri a Gulbin Maraɗi sun mayar da shi sana'a. Mu ko bishiya biyu a bayan ɗaki sun ishi kunun yaro.

Abin da mace ɗaya ba za ta iya ba, ƙungiya tana iyawa. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi aka fara shi a shekarar 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ƙungiyar da take zubi kowane mako za ta iya sayen buhun wake ko na gyaɗa da kaka a kan farashin sari, ta ajiye, ta raba wa mambobinta da damina. Inda akwai bankin cimaka, ko tsarin ajiye amfanin gona a karɓi bashi a kansa har farashi ya tashi, a shiga a kuma sa ido a kan yadda ake tafiyar da shi. Al'adar habbanaye da muka koya daga Fulani, wato a ba mace aron akuya ta haihu ta riƙe ƴaƴan ta mayar da uwar, hanya ce ta samun nono a gida. Jar akuyar Maraɗi an san ta da yawan haihuwa da nono.

Rabon uwa da haƙƙin maigida

A gidaje da yawa uwa ce take ci a ƙarshe, abin da ya rage a tukunya. Mai ciki tana bukatar ƙarin ci ɗaya a rana, mai shayarwa ƙarin biyu. Rage ci domin kada jariri ya yi girma haihuwa ta yi wuya kuskure ne mai haɗari, domin uwar da jininta ya yi ƙasa ita ce ta fi shiga hatsari ranar haihuwa. A je awon ciki, a karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, a sha su kullum kamar yadda ungozoma ta faɗa.

Ku wakilan garuruwa, wannan magana ku kai ta majalisar maza, da ƙofar masallaci, da fadar mai gari. Makullin rumbu yana hannun maigida, shi ne yake yanke shawarar abin da za a sayar da abin da za a bari. Kuɗin shayi da goro da taba na kwana ɗaya ya isa ya sayi ƙwai ko ƙuli-ƙulin yaro. Wanda zai tafi cin rani ya bar wa iyalinsa wake tare da hatsi. Ku kuma yi magana da kakanni cikin ladabi, domin a gidaje da yawa su ne suke faɗin abin da za a ba jariri, kuma idan suka gamsu, aikin ya yi sauƙi.

Cuta tana cinye abin da aka ci

Duk abincin da aka wahala aka samo, zawo na kwana uku yana iya zubar da shi. A wanke hannu da sabulu, ko da toka idan babu sabulu, kafin a dafa abinci, kafin a ba yaro, da bayan an fito daga bayan gida ko an wanke wa yaro kashi. A rufe ruwan sha. Kunun da ya wuni a ajiye a sake tafasa shi kafin a bayar. Yara da masu ciki su kwana cikin gidan sauro. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro na damina suka zo, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa 59 kowane wata, a tabbata an cika shan kwana ukun. A karɓi bitamin A duk wata shida daga lokacin da yaro ya cika wata shida. Yaron da ba shi da lafiya kada a daina ba shi nono da abinci, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, idan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu.

Ma'aunin dantse mai launi uku da aka raba muku, ku yi amfani da shi ga kowane yaro daga wata 6 zuwa 59, sau ɗaya a mako idan da hali. A Mirya ta jahar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada koya wa iyaye mata wannan awo, aka ga suna yin sa daidai kamar yadda wakilan lafiya suke yi. Idan ya nuna tsanwa, a ci gaba da abin da ake yi. Idan ya nuna rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, a kai yaro gidan likita a cikin kwanakin nan. Idan ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, a kai shi a ranar. A kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ko da yaron yana da alamar ƙiba, kuma shi ma a ranar za a kai shi. Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Yaron da yake iya cin abinci ana yi masa jinya a gidan likita na CSI yana kwana a gida, wanda jikinsa ya yi tsanani kuma ana kwantar da shi a sashen CRENI na asibitin gundumar Dakoro. Tamowa ba abin kunya ba ce, kuma tana warkewa idan an zo da wuri. Abincin gyaɗa na leda da ake bayarwa, Plumpy'Nut, magani ne na yaron da aka rubuta wa shi. Kada a raba shi da sauran yara, kada a sayar.

Wakilai, idan kuka ga gidaje sun koma ci sau ɗaya a rana, ko sun fara jiƙa anza, ko ana sayar da awaki mata masu haihuwa domin sayen hatsi, ku sanar da shugaban CSI da wuri, kada ku jira sai yara sun fara faɗuwa.

Iyayena da ƴan'uwana, kafin mu sake haɗuwa ina roƙon kowace uwa ta haɗa garin kunun nan ko da na kwana uku ne, ta auna dantsen ɗanta, ta kuma zauna da maigidanta su yanke yawan waken da za a bar wa gida a kakar bana. Kowane wakili kuma ya zaɓi gidaje biyar masu yara ƴan ƙasa da shekara biyu, ya je a dama kunun a gabansa da kayan da ke cikin gidan. Wadda ta gwada ta ga amfani ta koya wa maƙwabciyarta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a rumbunanmu da tukwanenmu, ya raya mana ƴaƴanmu cikin ƙoshin lafiya.